Gida biyu, ƙasa biyu: ina za ni biyan haraji, Sakkwato ko Yamai?

Baban Ummi (Arkilla): Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da shan ruwa. Don Allah masu sani ku taimaka mani da wani lissahi da yad dame ni. Shekarun ga da sunka wuce Yamai nike aiki wurin wani kamfanin gine-gine, albashi da sefa, kuma kowane wata kahin kuɗɗi su shigo sai an cire abin da su ka kira ITS, wato harajin albashi na can. To bara na aje aikin na dawo gida hwarkon watan Yuli, yanzu ina son in shiga neman 'yar kwangila nan jiha, cikin takardun da anka ce in kawo har da shedar biyan haraji ta shekara 3 da sunka wuce. Ni kau duk Nijar nib biya. Shin sake biya za ni yi nan? Abin da yaƙ ƙara rikita ni uwargida da yara ba su taɓa barin Arkilla ba, amarya kuma 'yar Yamai ta, hal yanzu tana can gidan da nika biya ma haya.

Ɗan Illela: Wa alaikumus salam. Alhaji kai dai ka cika son jawo ma kanka magana. Wa yas san ka yi aiki Yamai in ba kai ka hwaɗi ba? Ka tai ka yanki rasit na 'yan kasuwa awa kowa, a buga maka hatimi ka wuce. Mu kullum muna tsakanin Illela da Ƙwanni, ba wanda yat taɓa tambayarmu wani lissahin shekara.

Akanta (Runjin Sambo): Ɗan Illela wannan shawarar taka ita ke kai mutum ofis ana yi masa tambayoyin da ba shi da amsarsu. Mutum ya gina gida, ya sayi mota, yara suna makarantar kuɗi, sannan ya rubuta a fom cewa shekara 3 abin da ya samu bai kai na mai shagon cajin waya ba, kuma da wannan takardar zai nemi kwangilar miliyoyi? Baban Ummi bari in yi sallar asham in dawo, maganar tana da tsawo amma ba ta kai yadda kake tsoro ba.

Ɗan Ƙwanni: Kahin akanta shi dawo, ni ina da tambaya ga mai tambaya. Takardun albashinka na wata-wata suna hannunka? Don nan Nijar lanho, wato haraji, na ma'aikaci patron, maigidan aiki, ka cire shi, shi ka kai DGI, hukumar haraji ta Nijar, kai ba ka zuwa ko'ina. In kamfanin na ƙwarai na, kowace takarda za ka ga an rubuta ITS nawa, CNSS, wato kuɗɗin asusun ritaya, nawa. In ba ka aje su ba to tun yanzu ka kira kontabul, wato akantan kamfanin ku, tun bai canza aiki ba.

Baban Ummi (Arkilla): Wasu suna nan cikin jaka, wasu suna wurin amarya. Na bara dai duk ina da su.

Akanta (Runjin Sambo): To bismillah. Abu na farko da ya kamata kowa a gurup ɗin nan ya gane, haraji a Najeriya ba fasfo yake bi ba, zama yake bi. Ba a tambayar kai ɗan wace ƙasa ne, ana tambayar ina ne mazauninka. Wanda doka ta ɗauka mazaunin Najeriya ne, duk abin da ya samu a duniya yana cikin lissafi, ko a Yamai ya samo shi ko a Landan. Wanda ba mazauni ba kuwa, abin da ya samu daga cikin Najeriya kawai ake bi, kamar kuɗin hayar gidansa da ke nan.

Abin da kowa ya haddace shi ne kwana 183 cikin wata 12. Kai ka ce farkon Yuli ka dawo, daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba kwana 184 ne, ka ga ko ta wannan ma'aunin kaɗai 2025 ka faɗo cikinmu da ratar kwana ɗaya. Amma ba shi kaɗai ba ne, kuma nan mutanenmu suke tuntuɓe. Sabuwar dokar da Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta jero wasu hanyoyin, cikinsu akwai mutum ya kasance yana da gida na dindindin da zai iya sauka duk lokacin da ya so, ko kuma harkokin samunsa masu nauyi da iyalinsa na kusa suna nan. Ka ga gidan Arkilla da uwargida da yara sun riga sun yi maka rajista tun ba ka tsallako iyaka ba.

Baban Ummi (Arkilla): Innalillahi. Malam ke nan biya biyu za ni yi?

Akanta (Runjin Sambo): A'a, saurara dai. Shiga lissafi daban, biya daban. Dokarmu, tsohuwar da sabuwar, ta yarda a rage maka abin da ka riga ka biya a waje kan wannan kuɗin dai, iyaka ragin ba zai wuce abin da Najeriya za ta caje ka a kansa ba. Misali a ce samunka na shekara in an mai da shi naira miliyan 6 ne. A sabon jadawali dubu 800 na farko babu ko sisi, miliyan 2.2 na gaba kashi 15 wato dubu 330, ragowar miliyan 3 kashi 18 wato dubu 540, jimla dubu 870. In takardunka sun nuna Nijar ta cire maka abin da ya kai haka ko ya fi, to babu sauran abin biya a nan kan albashin, amma rarar ba wanda zai mayar maka. In ta cire dubu 600 sai ka cika dubu 270. Kuma ITS na Nijar yana da zafi, yana hawa daga kashi 1 har kashi 35, namu kuwa ƙololuwarsa kashi 25 ne yanzu, a tsohuwar doka kashi 24, shi ya sa na ce kar ka firgita, yawanci mai albashi mai kauri a can ya riga ya biya fiye da abin da za a nema nan.

Sai dai ka lura, shekarun da ake nema a wurinka 2023, 2024 da 2025 ne, duk tsohuwar doka ce ke hukunci a kansu, jadawalin nan na kashi 7, 11, 15, 19, 21, 24 da rangwamen nan na dubu 200 da kashi 20 na albashi. Na yi misali da sabon ne don shi za mu rayu da shi nan gaba. Kuma hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha za ka je, ba NRS ta gwamnatin tarayya ba wadda a da muke kira FIRS, harajin ɗaiɗaikun mutane na jihar da mutum yake zaune ne.

Ɗan Ƙwanni: Akanta ka ƙara mashi da cewa CNSS ba lanho ba ne, kuɗɗin ritaya na, kar shi haɗa su wuri guda shi ce duk haraji na yab biya. Kuma shi ajiye lambatai ta CNSS, wata rana tana da amfani.

Akanta (Runjin Sambo): Daidai ne ɗan'uwa, ITS kaɗai za a duba. Kuma canjin da za a yi lissafi da shi na hukuma ne, ba na 'yan canjin bakin kasuwa ba.

Ɗan Illela: Ni dai hal yanzu ban ga dalili ba. Mu da muka biyan kwastan nan, mu biya duwan can, mu biya na shingaye da ba su da rasit, kai ko buhun albasa guda ba ya isa Ƙwanni sai ya aje wani abu ga hanya. Lokacin Buhari anka ruhe boda daga Agustan 2019 hal Disamban 2020, mun zamna. Anka yi juyin mulki Nijar Yulin 2023 anka sake ruhewa sai Maris 2024, mun sake zamnawa, wa yab ba mu ko kwabo? In lokacin karɓa ya yi kau kowa ya san mu.

Barista: Ɗan Illela ƙorafinka gaskiya ne amma kana haɗa abu uku ne wuri ɗaya. Kuɗin kwastan da na duwan a kan kaya suke, harajin da ake magana a kan ribar da mutum ya samu yake, na shinge kuwa wannan ba haraji ba ne, ka san sunansa. Kuma kai naka ya fi na Baban Ummi sarƙaƙiya in da za a bi diddigi, don in kana da shago a Ƙwanni da lambar haraji ta NIF kana biyan patanti, wato harajin sana'a na can, ribar shagon Nijar na da haƙƙi a kanta tunda a ƙasarta aka same ta, sannan Sakkwato ma tana da magana tunda a Illela kake kwana.

Ɗan Illela: Barista wa yac ce maka Illela nika kwana kullum 😂

Ɗan Ƙwanni: Ahaf. Mun san gidan, kusa ga tasha.

Admin: Jama'a a dawo kan magana, kar a tona asirin mutane cikin watan azumi.

Maman Sadik (Ingila): Salam, sannunku da ƙoƙari. Ina biye da ku daga wurin aiki, dutin dare nake. Malam Akanta ni tawa tambayar ta juye ce. Na zo nan aikin jinya a ƙarshen 2022 da maigida da yara gaba ɗaya, ana cire min haraji ta PAYE tun kafin albashi ya shigo, wannan ba matsala. Amma ina da ɗan gida a Mabera da na gada na zuba 'yan haya, ƙanena ke karɓa yana ba Inna tana cefane da shi, ni ko gani ba na yi. Wata abokiyar aikina ta ce wai dole in gaya wa HMRC, hukumar haraji ta nan. Kuɗin da ko taɓa shi ban yi ba, kuma a naira?

Akanta (Runjin Sambo): Hajiya abokiyarki ba ta yi ƙarya ba. Ke yanzu mazauniyar Ingila ce, su ma duk samunki na duniya suke kallo, kuma cewa kin bar wa Inna kuɗin bai canza cewa naki ne ba, kyauta kika yi da shi bayan ya zama naki. Amma akwai sauƙi biyu. Na farko suna da rangwamen fam 1,000 a shekara kan kuɗin haya, har na gidan da ke ƙasar waje, in kin tara hayar shekara kin mai da ita fam ba ta kai haka ba to babu abin da za ki cike. Shekararsu kuma daga 6 ga Afrilu take zuwa 5 ga Afrilu, ba Janairu zuwa Disamba irin tamu ba, da ita za ki auna. Na biyu akwai yarjejeniyar hana biya biyu tsakanin Najeriya da Birtaniya tun 1987, ƙasar da gidan yake ita ke da haƙƙin farko, wato nan, abin da kika biya a Sakkwato sai su rage miki a can.

Maman Sadik (Ingila): To ai ban taɓa biyan komai a Sakkwato a kansa ba, gaskiya.

Akanta (Runjin Sambo): In hayar ba ta wuce dubu 800 a shekara ba kuma ita kaɗai ce samunki a nan, sabon jadawali sifili ya ba ki. In ta wuce, sai a yi lissafi kan abin da ya haura bayan an cire gyare-gyaren gida.

Barista: In ƙara wa Hajiya wani abu don na ga ana ta yaɗa shi a gurup-gurup na 'yan ƙasar waje. Daga 6 ga Afrilu 2025 Birtaniya ta soke tsohon tsarin nan na baƙi masu kuɗi, ta kawo wani da ke yafe wa sabon zuwa harajin abin da ya samu a waje na shekara 4 na farko, in dai ya yi shekara 10 ba ya zaune can kafin zuwansa. Jin haka sai mutane su ruga su nema. Amma duk shekarar da kika nemi wannan kin rasa rangwamen fam 12,570 da ba a taɓawa a albashinki. Ma'aikaciyar jinya ta yar da wannan don ta kare hayar gida a Mabera, asara ce tsagwaronta. An yi shi ne don masu manyan kadarori.

Maman Sadik (Ingila): Allah ya saka da alheri Barista, wallahi har an turo min bidiyon wani yana cewa kowa ya nema.

Kawu (tsohon hedimasta): Yara ina jin ku. Ni abin da ke ba ni mamaki, mu nan ƙasar Shehu, wanda cikin abubuwan da ya soki sarakunan Hausa da su har da jangali da ɗora ma talaka abin da shari'a ba ta ɗora mashi ba, yau mu ne muke zaune muna lissafin yadda za a biya sarki biyu. Da can Bagobiri ko Ba'adare in haraji ya yi mashi nauyi wannan gefe sai ya kwashe iyali ya koma wancan gefe, lokacin Faransa mutane da yawa sun gudo nan saboda haraji da aikin tilas, garuruwa nawa ne bakin iyakar nan da aka kafa haka. Yau kuma an ce ko ka ƙaura gidanka na baya yana kiran sunanka.

Malam (Islamiyya): Kawu Allah ya ƙara girma. Ni ma tambayar da ke bakina ke nan, mutum ya fitar da zakka kashi 2.5 na dukiyarsa, ya biya Nijar, ya biya Najeriya. Amma don kar a fahimce ni a karkace, mafi yawan malamai sun tafi a kan haraji ba ya sauke zakka, don zakka Allah ya faɗi mutum takwas da ake ba, titi da asibiti ba su ciki. Don haka Baban Ummi kar ka ce ITS ta wanke ka, in kuɗi sun kai nisabi sun shekara, wannan lissafin daban ne. A Malesiya dai na san gwamnati na rage wa mutum zakkar da ya ba hukuma daga harajinsa, da masu mulkinmu za su duba irin wannan da an samu sauƙi, tunda muna da hukumar zakka da waƙafi a jihar nan.

Ɗan Illela: Malam ka hwaɗi gaskiya. A rage muna zakka, a rage muna na shinge, sai mu ga mi yar rage.

Likita (Jidda): Salam. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma bayanin Akanta na farko ya hana ni barci. Ni a Saudiyya nake aiki, nan babu harajin albashi ko riyal ɗaya, abin da ake ba ka shi ne naka, sai dai VAT kashi 15 in ka yi sayayya da kuɗin iƙama. Iyali kuwa na bar su gida Gawon Nama, dalili kowane mutum ɗaya da ka ajiye a ƙarƙashinka riyal 400 ne duk wata, mata da yara biyar ka lissafa ka gani. Ina zuwa hutu sau ɗaya a shekara, ko kusa da kwana 183 ba na yi. Yanzu kana nufin saboda gidana da iyalina suna Sakkwato ni mazaunin Najeriya ne? In haka ne ni ba ni da abin da za a rage min tunda ban biya komai a nan ba.

Akanta (Runjin Sambo): Likita naka ne mai wuyar, ba na Baban Ummi ba, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. In aka bi lafazin sabuwar dokar yadda yake, gida na dindindin da ke jiranka yana cikin abin da ke mai da mutum mazauni, ba sai an haɗa da kwana 183 ba, kowanne shi kaɗai ya isa. Kuma kamar yadda ka faɗa, wanda ya biya sifili a waje ragin sifili zai samu. A ce albashinka ya kama naira miliyan 60 a shekara, miliyan 50 na farko harajinsu miliyan 10 da dubu 430, goman da ta haura kashi 25 wato miliyan 2 da rabi, ka ga ana maganar kusan miliyan 13 kafin a cire rangwame irin na fansho da inshora.

Likita (Jidda): La haula. Miliyan 13 don na bar yarana kusa da kakarsu?

Barista: Dakata Likita kar hawan jini ya kama likita. Akanta ni a nan ban bi ka gaba ɗaya ba. Lafazi daban, yadda kotu da hukuma za su fassara shi daban. In aka ce duk wanda ke da ɗaki a gidan gado mazauni ne, to duk ɗan Najeriyar da ke waje mazauni ne ke nan, don wane Bahaushe ne ba shi da ɗakin da zai sauka a garinsu? Ai da sai a ce fasfo ake bi a huta. Mutumin da aikinsa, albashinsa, iƙamarsa, kwanansa na wata goma sha ɗaya duk suna Jidda yana da hujja mai ƙarfi cewa rayuwarsa ta samu can take. Kuma sharaɗin iyali an haɗa shi ne da harkokin samu masu nauyi, ba iyali kaɗai ba. Shi kansa Taiwo Oyedele da ya jagoranci kwamitin gyaran ya sha fitowa yana kwantar wa 'yan ƙasar waje hankali cewa ba a bin wanda ba mazauni ba kan abin da ya samu a waje.

Akanta (Runjin Sambo): Barista ai kalmar da muke faɗa a kanta ke nan, wanda ba mazauni ba. Ni ban ce ɗaki a gidan gado ba, na ce gidan da mutum ya gina da kuɗinsa, matarsa na ciki, shi ke biyan wuta da ruwa, mabuɗi na aljihunsa. Kuma Likita in ban manta ba yana da hannun jari a wani kemis da gonar shinkafa wajen Kwalkwalawa, shi ya faɗa a gurup ɗin nan da bakinsa. Wannan ba harkar samu ba ce? Kai aikinka ka kare mutum bayan an kira shi, ni aikina kar a kira shi.

Barista: Kuma aikinka ka sa shi ya kai miliyan 13 da hannunsa wurin da ba a tambaye shi ba?

Akanta (Runjin Sambo): Ban ce ya kai ba. Na ce ya zauna da wanda ya san aikin a duba takardunsa, a rubuta matsayinsa da hujjojinsa a ajiye, ribar kemis da ta gona kuwa ya bayyana su a nan don waɗannan ko shi mazaunin duniyar wata ne Najeriya na da haƙƙi a kansu. Kuma a daina tunanin ba wanda zai sani, Najeriya na cikin ƙasashen da ke musayar bayanan asusun banki da junansu kai tsaye, Birtaniya na ciki, Saudiyya na ciki, ga BVN ga NIN da yanzu ake ɗaure lambar haraji da ita.

Likita (Jidda): To ni dai na ga alama ɗauko su zan yi in biya riyal 400 ɗin, ko ba komai na san nawa ne.

Kawu (tsohon hedimasta): Ka fara shawara da mahaifiyarka kafin ka kwashe mata jikoki saboda lissafin akanta.

Hajiya (Tsohuwar Kasuwa): Ni tambayata ƙarama ce. Ɗana na Amurka yana turo mani na cefane duk wata, an ce daga bana gwamnati za ta riƙa cire haraji cikin duk kuɗin da ya shigo asusu, har na ce mashi ya riƙa ba masu zuwa su kawo a hannu.

Akanta (Runjin Sambo): Hajiya kar ki sa yaro ya riƙa ba mutane kuɗi a jaka. Abin da ɗa ya turo wa uwarsa kyauta ce, ba samun kasuwanci ko albashi ba ne, babu harajin samu a kansa, kuma babu dokar da ta ce banki ya riƙa yankar haraji daga duk abin da ya shigo. Abin da kike gani naira 50 ce ta hatimi kan tura dubu 10 zuwa sama. Abin da ya canza a gefensu ne, daga 1 ga Janairu 2026 Amurka ta sa kashi 1 kan kuɗin da aka tura waje in tsaba mutum ya kai kanti ya biya, in daga asusunsa na banki ko katinsa ya turo babu wannan. Ki ce masa ya riƙa turowa ta banki. Na hannu kuwa duk abin da ya wuce dala 10,000 dole a bayyana shi a filin jirgi, in ba haka ba a ƙwace.

Barista: Tunda an ambaci Amurka, masu zuwa haihuwa can don yaro ya samu fasfo su sani ita ba zama take bi ba, ɗan ƙasa take bi. Yaron da aka haifa a can ko a Minanata ya girma bai taɓa komawa ba, ranar da ya fara samun kuɗi mai kauri ana sa ran ya cike musu fom duk shekara, kuma babu yarjejeniyar hana biya biyu tsakaninmu da su irin ta Birtaniya.

Ɗan Illela: Allah na gode maka ni Gwadabawa anka haihe ni.

Baban Ummi (Arkilla): Jama'a na gode ƙwarai, amma an bar ni baya an tahi Jidda da Amurka. Malam Akanta a taƙaice mi za ni ɗauka in tai da shi?

Akanta (Runjin Sambo): Takardun albashi na 2023, 2024 da rabin 2025 duka, ka sa amarya ta ɗauki hoton na wurinta yau ta turo, na asalin su biyo mota. Takarda daga kamfanin mai hatimi da ke nuna ranar da ka fara, ranar da ka ajiye, da jimlar ITS na kowace shekara, in za a samu shedar DGI cewa kuɗin sun shiga ta fi ƙarfi. Duk da Faransanci za su zo, ka nemi wanda zai fassara su Turanci ya sa hannu, akwai masu yi a sashen Faransanci na jami'a. Bayanin asusun banki da ke nuna yadda kake turo kuɗin gida, don tsohuwar doka ta ɗaure ragin da shigo da kuɗi ta hanyar da gwamnati ta amince. Sai abin da ka samu a nan daga Yuli zuwa Disamba in akwai. Kuma ka yi kafin 31 ga Maris, ranar ce wa'adin kowa ya bayyana samunsa na shekarar da ta wuce.

Baban Ummi (Arkilla): Nan fa ake yin ta. Ni ban cika turowa ta banki ba, direbobin Ƙwanni nika ba su sefa su canza Illela su kai ma uwargida, ko in ba wani ɗan canji can ɗan'uwanai shi ba ta naira nan.

Ɗan Ƙwanni: Kowa haka shi kai, wa zai bi banki sefa ta zagaya ta ina ta ina kahin ta zama naira.

Barista: To ka ga wannan ita ce maganar da ya kamata a fara da ita tun bayan asham. Akanta, yaya ke nan?

Akanta (Runjin Sambo): Ba na rubuta wannan a gurup. Baban Ummi ka same ni ofis gobe bayan azahar da duk abin da ke cikin jakar, har rasit ɗin hayar gidan Yamai, kuma ka tambayi uwargida ko ɗan canjin ta asusu yake turo mata ko a hannu yake kawowa.

Baban Ummi (Arkilla): Ta asusun ƙanenta shika turowa.

Akanta (Runjin Sambo): To ka zo da ƙanen.